Minti 15 da na hana idona

Ranar Asabar na leƙa wurin aikin ɗan ƙanwata, wani ɗan ƙaramin kamfanin sabulu, na tarar da shi gaban duro yana zuba soda a ruwa, tabarau na kariya a rataye a wuya, waya a maƙale a kunne. A bangon bayansa ga kwanon wanke ido nan da koren allo a samansa, an jibge katan-katan har sun kusa rufe shi. Na ce, "Kai, wa ya tara kaya a kan wannan?" Ya ce, "Kawu, ai tun da na zo ban ga an taɓa shi ba." Har da dariyarsa. Da idon dama kaɗai nake kallonsa, na hagun hakiya ta rufe shi tun kafin a haife shi, kuma sarai ya san labarin.

A lokacin da abin ya same ni, ni ne shugaban leburori a wata masana'antar jima a Sharada. Duk wanda ya yi aikin fata ya san abin da hannu ke taɓawa: farar ƙasa da sinadarin zubar da gashi, ruwan batir na tsima fata, ga soda ta wanke duro da bututu. Waɗanda suka kafa injinan sun sa mana shawar gaggawa da kwanon wanke ido mai bakin famfo biyu masu tsarto ruwa sama. Ni na sa aka jera buhuna a gabansa. Ni kuma na rufe makunnin ruwansa da hannuna, domin leburori sun mai da shi wurin alwala da wanke kwanon abinci, tanki ya riƙa ƙarewa kafin azahar, manaja kuma ni yake kira ofis.

Na daɗe ina cewa ba laifina ba ne, kuma har yau wani lokacin ina faɗa. Ruwan sayensa ake yi a tanka. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga amfanin abin. To amma fa akwai hoto a jikin allon, ido ne da ruwa na zuba a kansa, ko wanda bai yi boko ba zai gane. Kullum sai na wuce ta gabansa.

Wani bututu ne ya toshe, na durƙusa ina kwance shi, ruwan soda ya fallatso mini a fuska. Na miƙe a makance, hannuna ya kai ga buta, na tsiyaya abin da ke ciki, na murje idon da gefen riga. Wani dattijo ya ce a ɗiga madara, aka ɗiga. Raɗaɗin ya lafa, mota na jiran lodi, na koma aiki ina jin kaina namiji. Da asuba idon ya ƙi buɗuwa. A asibitin ido ko sunana ba su gama rubutawa ba suka kwantar da ni suna ɗura ruwa leda bayan leda, suna sa wata 'yar takarda a gefen idon suna duba launinta don su gane ko sodar ta fita. Likitar ta tambaye ni minti nawa na wanke, na rasa bakin amsa.

Ita ta fahimtar da ni abin da ya faru. Ruwan batir idan ya taɓa ido yakan daskarar da naman sama, wannan daskarewar ta ɗan tare shi. Soda da farar ƙasa da siminti kuwa narkar da kitse suke yi su nutsa ciki, kamar yadda soda ke cinye man ja a duron sabulu, kuma ba sa tsayawa sai an kore su da ruwa mai yawa. Lafawar raɗaɗin da na yi murna da ita, jijiyoyin idon ne suka ƙone.

Ashe abin da ƙa'idarsa. A Amurka hukumar tsara ma'aunai da ake kira ANSI ta fitar da ma'auni mai lamba Z358.1 tun 1981, an sabunta shi a 2014. Ya ce kwanon da shawar su kasance inda mutum zai kai cikin sakan 10, kusan mita 17, ba matakala, ba kaya a hanya. Makunnin ya buɗe da taɓawa ɗaya ya ci gaba da zuba da kansa, don hannu biyu su riƙe fatar ido. Kwanon ido ya ba da aƙalla lita 1.5 a minti har minti 15, shawar kuma fiye da lita 75 a minti. Ku lissafa, ya haura lita 1,100 a wanka ɗaya, sannan ku ce min a wane tanki zan samo wannan a wancan zamanin. Ruwan kuma ɗuminsa ya tsaya tsakanin digiri 16 zuwa 38, wanda baƙin tankin da ya wuni a kan rufi a watan Afrilu zai iya zarcewa. Kowane mako a kunna shi ya zuba, don tsatsa da ƙwayoyin cutar da ke kwana a bututu su fita.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari goma, amma na san ku, layi uku kuke karantawa ku shafa waya gaba. Ruwa tukuna, kafin asibiti, kafin kiran oga, kafin komai. Buɗe idon da yatsu ko da kana ihu, ka juya ƙwayar, wani ya riƙe agogo. Minti 15 shi ne mafi ƙaranci, idan soda ce ka kai 30, kuma a ci gaba da zubawa a hanya. Ba madara, ba ruwan sikari, ba lemon tsami wai don ya kashe sodar. Idan jiki ne, tuɓe rigar da wandon a ƙarƙashin shawa, kunya ba ta biyan kuɗin magani.

Wurin da ba su da kwanon nan, kada ka karɓi aikin. Ko da yake, a wannan marra wa zai bar aiki saboda famfo? Karɓi, ka ajiye jarkar ruwa mai tsabta kusa da duro, ka canza ta kowace safiya. Na ce digiri 16 zuwa 38, amma idan abu ya faru kada ka tsaya auna ruwa, ko fiya wata ne fasa leda ka zuba. Tabarau kuma na san yana yin gumi da zafi, ni ma dalilina ke nan na cire nawa. Ku da kuke iya sa abin jin kiɗa a kunne tun safe har dare, ku sa shi haka nan da guminsa.