In tafi ko in zauna?

Ni nas ce. An ba ni aiki a wani asibitin, sashen wankin ƙoda, amma har yau takardar tana jakata ban sa hannu ba.

Albashin ya ɗara na yanzu, sai dai ba shi ne ya ja ni ba. Aikin dare ne ya ishe ni. A ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata, mu biyu kan riƙe gadaje fiye da ƙarfinmu: wannan ruwansa ya ƙare, wancan zazzaɓi ya rufe shi, ga allurar ƙarfe biyu tana jira. Ba raki ba ne. Binciken da Linda Aiken, wata masaniyar aikin jinya, ta fitar a 2002 a Amurka ya nuna duk ƙarin majiyyaci ɗaya a hannun nas yana ƙara haɗarin mutuwa cikin kwana 30 da kashi 7 cikin ɗari. Shi ya sa na fara tambayar sabon asibitin mutum nawa nas take riƙewa.

A wankin ƙoda majiyyatan nan dai su ke dawowa, galibi sau uku a mako, wajen awa huɗu a kan na'ura. Har jijiyar kowa sai ka sani. Amma zan koma 'yar koyo, ga watannin gwaji kafin a tabbatar da ni. Shugabarmu ta ce, "Ƙanwata, wahalar nan kin san ta, ta can fa?" Da gaskiyarta.

Na roƙa su bar ni in yini a sashen, in ga yadda suke miƙa wa juna aiki. Ranar Talata za ni.