Kafin ka buga riga 60, wanke ɗaya tukuna

Shekaranjiya wani yaro ya same ni a shago nan Agege, ya ce Yaya ina so in fara nawa burand ɗin, irin manyan tishat ɗin nan masu faɗi da samari ke yayi, wai har ya fara tara kuɗin injin. Na ce masa zauna tukuna ka sha ruwa. Abin da na faɗa masa shi zan rubuta nan, don na san ire-irensa suna da yawa daga Mile 12 har Idi-Araba, kowa da dizayin ɗinsa a waya yana jiran ranar da zai fashe.

Ni a ƙarshen 2022 na fara, lokacin Disamba, kun dai san yadda Legas take a watan nan, biki ko'ina, 'yan ƙasar waje sun dawo, kowa na neman kayan da zai ɗau hoto da su. Na zana dagin Arewa babba a baya, a gaba kuma na rubuta Ƙarfin Hali da fari. Na shiga kasuwa na kwaso baƙaƙen riguna guda 60, mai shagon ya rantse min auduga ce zalla, ni kuma da na ji farashin ya yi sauƙi ban ko duba ba, na taɓa dai na ji santsi na ce ai wannan kwaliti ne. Ashe santsin nan shi ne matsalar, roba ta fi audugar yawa a ciki. Araha ba ta ado, wlh a jikina na gane ma'anar maganar nan.

Daga nan na hau danfo sai Shomolu, don duk wanda ke harkar bugu a garin nan can zai ƙare, layi-layi ne na masu injina. Na samu wani dattijo Bayarabe mai injin DTG, wato wanda ke fesa tawada kai tsaye a jikin riga kamar yadda firinta ke yi wa takarda. Mutumin nan ya ɗaga riga ɗaya, ya murza ta da yatsa, ya kalle ni ya ce Aboki wannan yadin ba zai riƙe ba, mu gwada ɗaya ka je ka wanke ka dawo. Na ce Baba ba lokaci, na riga na sa a Instagram mutane sun biya. Ya ɗaga kafaɗa ya ce to kuɗinka ne.

Abin da ban sani ba a lokacin, tawadar DTG ta ruwa ce, auduga take kamawa. Kuma in riga baƙa ce sai an fara fesa mata wani ruwan magani an gasa, sannan injin ya shimfiɗa farar tawada a ƙasa, sannan launuka su hau kai, a ƙarshe a sake gasawa a injin guga da zafi wajen digiri 160 ko sama. To shi yadin roba in ya ji wannan zafin rininsa tashi yake yi ya shige cikin farin, shi ya sa rubutuna da ya kamata ya fito fari tas ya fito kamar ruwan toka. Na lallashi kaina na ce ai ma ya fi kyau haka, kamar da gangan.

Amma ba ma wannan ne abin kunyar ba. Fayil ɗin manhajar zane ta CorelDRAW na tura masa ban mayar da rubutun ya zama zane ba, kwamfutarsa kuma ba ta da irin harafin da na yi amfani da shi, sai ta canza da wani wanda bai san ƙ mai lanƙwasa ba. Shi Baba ba ya karanta Hausa, ina zai sani. Riga 60 suka fito da wani ɗan akwati a gaba sannan arfin Hali. Ni kuma ina can wajen mai shayi ina amsa waya, ban tsaya na ga ta farko ba, sai da aka naɗe su a leda na dawo gida na buɗe. Na zauna a bakin katifa na fi minti 20 ina kallon akwatin nan. Don Allah duk mai sa Hausa a riga, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, ka mayar da rubutun zane, ko ka fitar da shi hoton PNG mara bango a 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto, daidai girman da za a buga, kuma in ta WhatsApp za ka tura ka tura shi a matsayin dokumen, in ka tura kamar hoto matse shi yake yi ya fito dishi-dishi. Sannan ka tsaya da ƙafarka a gaban injin har ta farko ta fito ka karanta da bakinka.

Wasu abokai sun karɓa a haka don kara, har suna tsokana ta da Arfin Hali, sunan da ya bi ni har yau. Sati biyu wani ya turo min hoto bayan wanki na biyu, dagin ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Na mayar wa mutane kuɗinsu, sauran rigunan ƙannena ne suka yi ta kwana da su.

Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani, ni kuwa sai na ce ai laifin masu bugu ne, bari in sayi injina. Farkon 2023 na haɗa da bashin wani kawuna da ke harkar shanu a Oko-Oba na sayi ƙaramar firinta ta hoto wadda aka juya ta koma DTF. Shi DTF a kan wata leda ake bugawa, a barbaɗa mata hodar gam tun tawadar na ɗanye, a narkar da hodar, sannan a manna a riga da injin guga na daƙiƙa 10 zuwa 15. Gaskiya yana da daɗin aiki, yana kama auduga yana kama roba, har hula da jaka. Aibinsa in zanen babba ne kuma a cike, kamar ka manna leda a bayanka ne, a zafin Legas cikin go-sulo gumi ba ya samun hanyar fita, kwastoma zai gaya maka. Yanzu in zan yi babban zane a DTF sai na huda shi, in bar wurare da yadin zai yi numfashi.

Abin da mai sayar min bai faɗa ba, ko ya faɗa ban ji ba don zumuɗi, farar tawada ba ta son zama. Akwai wani sinadari mai nauyi a cikinta da ke kwantawa ƙasa kamar kamu a roba, kullum sai ka girgiza ta ka buga wani abu ko da ba ka da oda. Ni kuwa oda a sati bai fi riga 5 ba. Ana cikin haka aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, fetur ya ninka fiye da biyu, janareto ya zama sai dole, ga injin guga da shan wuta kamar me. A watan Yuni darajar naira ta faɗi, leda da tawada da hoda duk daga waje suke zuwa, farashi ya bi dala. Ga damina, hodar tana jan danshi ta dunƙule ta manne inda ba a buga ba, riga ta fito da ɗige-ɗige.

Babbar Sallah ta zo ƙarshen Yunin nan, na rufe injin da zani na tafi gida Kano sati biyu. Na dawo na kunna, fari ko ɗigo. Na yi ta wanke kan da ke fesa tawada da sirinji har dare uku, mai gyara ya zo ya duba ya ce kan ya mutu sai sabo, kuɗin da ya faɗa kuma na san ba ni da shi. Watanni na yi ina kauce wa hanyar Oko-Oba.

Yanzu ba ni da injin bugu mai aiki kuma kasuwa ta fi tafiya. Ina sayen riga mai nauyi, 220 gsm zuwa sama, in ja zare ɗaya daga ciki in ƙona da ashana, auduga toka take zama tana warin takarda, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. In zanen mai launuka da yawa ne kuma kaɗan nake so sai in kai DTG ko in sa a bugo min ledar DTF da mita in manna da kaina, in kuwa launi ɗaya ko biyu ne kuma da yawa to bugun sikirin, wanda ake matsa tawada ta cikin raga, ya fi araha nesa ba kusa ba. Kowane sabon zane riga ɗaya nake fara yi, in ba matar maƙwabcina ta wanke ta da omo irin wankin da ba tausayi, sau uku, a shanya a rana, in ja zanen da hannu biyu in ga ko zai tsage, sai bayan nan nake ɗaukar hoto in karɓi kuɗin mutane.

Yaron nan dai na ce ya riƙe kuɗin injinsa, ya kawo riga ɗaya ranar Asabar mu je Shomolu tare, wajen Baban nan dai, har yanzu in ya hango ni sai ya ce Aboki ka wanke? Firintar kuma tana nan ƙarƙashin tebur, a kanta nake ajiye fulas ɗin shayi.