Yaron da ke haddace shafi amma ba ya iya karanta shi

Ƙannena malamai da kuka shigo koyarwa a unguwanninmu na Gadarif da Kassala da Mai Wurno a Sudan, ku sa ido a kan yaro guda a ajinku: wanda ke riƙe magana da ji ɗaya, amma in an buɗe masa littafi sai ya daskare. Abin da ke damun da yawa daga irinsa shi ne disleksiya, wadda Larabawa ke kira usrul ƙira'a. Ana ƙiyasin yara 5 zuwa 10 cikin ɗari suna da ita, don haka ajin da ya kai yara 60 da wuya ya rasa uku.

Na daɗe ina koyar da Larabci a ƙananan azuzuwa ban san da wannan ba. Akwai yaron da nake yabo saboda in na tashe shi yakan zuba shafi babu gargada. Ranar da na ɗora yatsa a tsakiyar layi na ce ya fara daga nan, sai ya yi shiru, leɓensa na motsi, ya koma farkon shafin a zuci yana biyowa don ya iso wurin. Ashe da kunne yake kwashe darasin daga bakin abokansa. A imla kuwa, wato shifta, haruffan "ba" da "ta" da "nun" duk ɗaya ne a wurinsa, ɗigo na sauka inda ya ga dama. Na ce lalaci ne, na sa bulala. Da bulala ta gaza, na ce ai Hausa ake yi a gidansu, Larabcin ne ya yi masa nauyi, zai ware da kansa. Bai ware ba, ya bar makaranta ya koma kasuwa.

Wannan hukunci na biyu shi na fi jiye muku, domin yana kama da tausayi, kuma yana sa malami ya naɗe hannu. Gaskiya ne yaron da ya tashi da Hausa yakan ɗan jinkirta a karatun Larabci. Amma ana iya bambance su. Ku ajiye littafi, ku gwada shi da Hausar. Ku ce ya tafa hannu a kan kowace gaɓa ta "tattabara". Ku tambaye shi: kaza, kare, doki, wanne ne farkonsa ya bambanta? In an cire "ra" daga "rakumi", me ya rage? Wanda harshe ne matsalarsa zai amsa yana dariya. Mai disleksiya zai yi ta lalube ko a harshen uwarsa, saboda matsalar tana wajen yadda ƙwaƙwalwa ke rarrabe sautukan kalma ta haɗa su da haruffa. Basirarsa lafiya lau take. Tun 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14 wanda malaminsa ya ce da a ce da baki kawai ake karatu, da shi zai fi kowa a makarantar.

Kafin komai, a duba idonsa da kunnensa. Sannan ku je gida ku yi magana da iyaye, domin abin yana bin jini. Mahaifiyar wancan yaro ta taɓa ce mini, "Ustaz, kawunsa ma haka ya yi," na ɗauka uzuri take nema wa ɗanta, alhali amsar ce ta miƙo mini.

Taimakon ba ya buƙatar kuɗi. Kada ku yi gaggawar cire masa wasali, domin rubutun Larabci da babu fataha da kisira da ruf'a yana tilasta mai karatu ya cinki kalma, shi kuwa can yake faɗuwa. Ku ɗauki darasi daga makarantar allo, inda ake bin babbaƙu kafin farfaru: harafi ɗaya, ya furta sautinsa, ya zana shi da yatsa a rairayi, ya ga yadda surarsa ke sauyawa a farko da tsakiya da ƙarshen kalma. Kaɗan kaɗan kullum ya fi dogon zama sau ɗaya a mako. Kada ku tashe shi karatu a gaban aji ba shiri, kuma ku riƙa yi masa tambayoyin jarrabawa da baki don ku san abin da ya sani.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe makarantu na dogon lokaci, wasu ma suka zama matsugunin 'yan gudun hijira, don haka yanzu kusan kowane yaro yana baya, mai disleksiya kuma ya sami wurin ɓuya a cikin taro. Ku ba aji 'yan watanni na koyarwa mai kyau. Waɗanda rashin zuwa makaranta ya riƙe za su taso. Wanda ya tsaya cik, ku rubuta sunansa da haruffan da ke rikita shi da dabarar da ta fara yi masa aiki, ku miƙa takardar hannu da hannu ga malamin da zai karɓe shi baɗi.