Laraba a Yamai: kwamfutocin layin baya

Tun da sassafe na buɗe ɗakin karatu, kafin rana ta yi zafi, domin in sabunta manhajojin kwamfutoci shidan nan na layin baya, waɗanda Alhaji ya sayo mana gwanjo a kasuwar Katako. Ina cikin karanta bayanan QEMU, wadda da ita nake nuna wa ɗalibai yadda kwamfuta ɗaya take kwaikwayon wata, sai na ga cewa tun fitowar 10.0 a watan Afrilun 2025 an sanya duk na'urori masu bit 32, wato masu tsohon tsarin ƙwaƙwalwar kwamfuta da ya gabaci na bit 64, cikin jerin abubuwan da za a janye wa tallafi. Namu shidan kuwa Pentium 4 ne na farko-farko, babu mai bit 64 a cikinsu ko ɗaya.

Da azahar Isufu ya biyo shan shayi, na nuna masa shafin raina a ɓace. Ya karanta a tsanake, sannan ya ce, "Malam, wannan ba wulaƙanci ba ne. Ka san ƙa'idar masu kula da QEMU ce su fara sanarwa, su bar abu ya yi fitowa biyu yana aiki kafin su cire shi, kuma sau uku suke fitar da sabuwa a shekara." Ya tuna mini yadda aka cire tsofaffin tsare-tsaren ƙwaƙwalwar kwamfuta na Nios II da CRIS daga QEMU a 2024, da yadda babbar manhajar Linux 6.7 ta ajiye tsarin Itanium a farkon 2024 ɗin. A cewarsa, kowane tsohon tsari sai an samu mai gwada shi da mai gyara shi duk lokacin da aka taɓa wani sashe na manhajar, kuma idan mai kula ya tafi, nauyin yana komawa kan mutanen da ba su ma da irin na'urar a hannunsu. Ban musa masa ba, domin gaskiya ya faɗa, kuma QEMU, manhajar da Fabrice Bellard ya fara tun 2003, ba za ta iya goyon duk abin da ta taɓa ɗauka har abada ba.

Amma na ce masa, "Isufu, waɗancan ƴan tsiraru ne suka rage suna amfani da su. Mu kuwa ga mu nan, yara biyu-biyu a kan kowace kwamfuta, kuma na tabbata akwai irinmu a Tawa da Maraɗi da Damagaram." Sai ya ajiye kofinsa ya tambaye ni, "To Malam, ka taɓa rubuta musu cewa kuna nan?"

Na yi shiru, kuma wannan tambayar ce ta hana ni sukuni har yamma. Shekara da shekaru ina sauke aikin mutanen nan kyauta, ban taɓa kai rahoton matsala ɗaya ba, ban taɓa gwada sabuwar fitowa a kan tsofaffin na'urorinmu na gaya musu sakamakon ba. Idan suka tambayi ko akwai mai amfani da bit 32 suka ji shiru, shiruna yana cikin abin da suka ji.

Debian 13 ma, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda ta fito a watan Agustan 2025, ba ta girkuwa a kan irin waɗannan kwamfutoci, saboda haka layin baya zai tsaya a kan Debian 12 da tsohuwar QEMU ɗin da ke cikinta. Bayan isha'i na rubuta wa masu kula da QEMU wasiƙa da Faransanci, na ambaci adadin na'urorinmu da abin da muke koyarwa a kansu. Ramatu ta yi alkawarin mayar da ita Turanci gobe da safe.