Daga Germantown zuwa Burlington: bin sawun 'yan Kweka a yaƙin hana bauta

Bas mai lamba 23 na hau daga tsakiyar Filadelfiya a jihar Fensilbeniya ta Amurka, wadda ke bin titin Germantown har Chestnut Hill, na sauka a mahaɗar titin Wister. Nan gidan Thones Kunders, ɗaya daga cikin 'yan Kweka (wata ɗariƙar Kirista), yake a da. An rushe shi, sai allon tarihi na ƙarfe a bakin hanya, kuma in fasinja bai sa ido ba za a wuce da shi.

A wannan gida, cikin 1688, Francis Daniel Pastorius da Garret Hendericks da 'yan'uwa biyu, Derick da Abraham op den Graeff, suka sa hannu kan takardar ƙin amincewa da bauta. Hujjarsu ba ta da tsawo: abin da ba ka so a yi maka, kada ka yi wa wani. Sun kuma tuna wa masu karatu irin fargabar da Bature ke shiga a teku in ya hango baƙon jirgi, yana tsoron a kama shi a sayar.

Abin da ya sami takardar shi ne ya sa na tsara tafiyar bisa hanyar da ta bi. 'Yan Kweka na wannan yanki ba su da fasto, ba sa kuma jefa ƙuri'a. Ana zama shiru, wanda ya ji yana da magana ya miƙe ya faɗa, magatakarda ya rubuta abin da jama'a suka haɗu a kai. Tarukan hawa uku ne: na wata-wata, na bayan wata uku, sai na shekara. Taron wata ya ce maganar ta fi ƙarfinsa, ya tura ta Filadelfiya. Can ma suka tura ta taron shekara a Burlington, inda aka ce bai dace a yanke hukunci a kai ba. Matsalar tsarin ke nan: tunda sai an yi ittifaƙi, attajirai kaɗan masu bayi sun isa su danne magana. William Penn da kansa, wanda ya kafa Fensilbeniya, yana da bayi a gonarsa ta Pennsbury. Takardar ta ɓace cikin tarin fayiloli, ba a sake gano ta ba sai 1844. Yanzu tana ajiye a Kwalejin Haverford.

Na ci gaba da ƙafa a titin Germantown zuwa lamba 6306, gidan iyalan Johnson, ginin dutse na 1768 inda aka riƙa ɓoye bayin da suka gudo daga kudu a shekarun 1850. Dokar tarayya ta 1850 ta tanadi tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida ga duk wanda ya taimaka wa gudajjen bawa, don haka ba ƙaramar kasada suka yi ba. Ba kullum ake buɗe gidan ba, gara a tambaya kafin a taso.

Zuwa Burlington sai an tsallaka kogin Delaware. Jirgin PATCO ya kai ni Camden, daga nan na koma jirgin River Line da ke bin gaɓar kogi zuwa arewa. Ɗakin taron yana titin High, kusa da tasha. Ginin da ke tsaye yanzu na ƙarshen ƙarni na 18 ne, ba shi ne Benjamin Lay ya hargitsa ba a 1738. Lay gajere ne ƙwarai, tsawonsa kamar ƙafa huɗu, ya kuma ga azabar da ake gana wa bayi a gonakin rake na Barbados. Ya shigo taron shekara da takobi a ƙarƙashin riga, da littafin da ya fafe cikinsa ya cusa mafitsarar dabba cike da jan ruwan 'ya'yan itace. Da ya gama magana ya soki littafin, jan ruwan ya fantsamu kan na kusa da shi. Aka ɗauke shi cak aka fitar, aka kuma kore shi daga jama'ar.

A ganina Lay ya tayar da ƙura, amma hanyar John Woolman ce ta cika aiki. Garinsa Mount Holly bai da nisa daga Burlington, sai dai babu jirgi, mota ake nema. Gidan tunawa da shi na titin Branch an gina shi ne a 1783 cikin gonarsa, bayan rasuwarsa a York ta Ingila a 1772, saboda haka bai taɓa kwana a ciki ba. Woolman tela ne mai rubuta wa mutane takardu, wanda ya daina rubuta wasiyyar da aka sa bawa cikin kayan gado. A 1758 taron shekara ya hana masu saye da sayar da bayi shiga harkokin gudanarwa, ya kuma naɗa 'yan kwamiti, har da Woolman, su bi masu bayi gida-gida. Ba zagi, ba tozartawa a bainar jama'a. A zauna da maigida, a sake dawowa, a sake dawowa. Sai 1776 aka ce wanda ya ƙi 'yanta bayinsa a kore shi. Shekara 88 ke nan daga takardar Germantown.

Da na dawo Filadelfiya na shiga ɗakin taron titin Arch, ginin jan bulo na 1804, benci jere-jere ba mumbari. Nan Sarah Mapps Douglass, malamar makaranta baƙar fata, ta koka cewa bencin baya ake ware musu ita da mahaifiyarta. 'Yanta bawa daban, zama kafaɗa da kafaɗa da shi daban, kuma 'yan Kweka sun yi jinkiri a na biyun.

Tafiyar 'yan mintuna daga nan akwai zauren da majalisar Fensilbeniya ta zartar da dokar 1780 ta kawar da bauta sannu a hankali, wadda ɗan Kweka Anthony Benezet ya yi ta bin 'yan majalisa a kanta. Ba ta 'yanta wanda ke cikin bauta a ranar ba. 'Ya'yan da za a haifa nan gaba ta shafa, su ma sai sun yi wa ubangijin uwarsu aiki har su kai shekara 28. Wanda ya san shelar Lugga ta 1901 a Arewacin Najeriya, da ta 'yanta yaran da aka haifa bayan ƙarshen Maris na shekarar, zai gane salon. A Fensilbeniya, masu bayi suka riƙa kai mata masu ciki wajen jihar su haihu, har aka toshe wannan ƙofa da gyaran 1788. Wata ƙofar ta rage: baƙo zai iya riƙe bawansa a jihar tsawon wata shida. A kusurwar titin Market da titi na shida na tsaya kan harsashin gidan shugaban ƙasa, inda George Washington ya riƙa fitar da bayinsa daga jihar kafin wa'adin ya cika, a dawo da su lissafi ya koma farko. Daga wannan gida wata baiwa, Oney Judge, ta tsere a 1796, ta hau jirgin ruwa zuwa New Hampshire, kuma duk ƙoƙarin da Washington ya yi na dawo da ita ya ci tura.