Kwalba ba ta da sukari, faranti fa?

Ƙannena, idan kuna fama da ƙiba har kun koma shan lemon nan da ake rubuta wa "diet" ko "zero" a jiki, ba zan ce kun ɓata ba. Sai dai na daɗe ina shansa da niyyar rage teɓa, sikeli bai yi ko gezau ba, kuma da na zauna na binciki dalili sai na tarar lemon ya cika alkawarinsa, ni ne ban cika nawa ba. Shi ya sa nake son ku ji yadda abin ya faru tun kafin ku ɓata lokacin da na ɓata.

Gwangwanin lemon kola na yau da kullum, mai mililita 330, yana ɗauke da sukari kimanin giram 35, wato kusan cokalin shayi tara, kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) wajen 140. Roba mai rabin lita ta haura giram 50. Tun a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a ci da sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a yini. Ga mai cin kalori 2,000, wannan ya kama giram 50, kuma hukumar ta ce da za a tsaya a giram 25 da ya fi. Kun ga roba guda ta cinye rabon yini gaba ɗaya tun ba a kai ga abinci ba. Abin takaici kuma, sukarin da aka sha a ruwa ba ya ƙosarwa kamar wanda aka tauna, ciki ba ya lissafa shi da abinci.

Marar sukarin kuwa da wasu sinadarai ake zaƙaƙa shi. Aspartame ya ninka sukari zaƙi wajen sau 200, sucralose kuma wajen sau 600. Shi aspartame ma yana da kalori daidai da sukari idan aka auna giram da giram, amma da yake ɗan mitsitsi ake sawa, abin da bai kai rabin giram ba a gwangwani, sai kalorin ya zama kamar babu. Wannan gaskiya ce, ba dabarar talla ba. A Holan an yi gwaji da yara 641, aka wallafa shi a 2012: tsawon wata 18 kowane yaro yana shan gwangwani ɗaya a rana, wasu mai sukari wasu marar sukari, ba tare da sun san wanne aka ba su ba. Waɗanda suka sha marar sukari sun ƙara nauyi ƙasa da sauran da kimanin kilo ɗaya. Ku lura da cewa yaran ba su san abin da suke sha ba. Ni kuwa na sani, kuma sanin ne ya cuce ni.

Tun ranar da na canza lemo na fara jin kamar ina bin jikina bashi. Na zauna cin abinci sai zuciya ta ce, ai ka bar sukari, ƙara kaɗan ba komai. Idan aka tambaye ni ƙarami ko babba, babba nake cewa, da lemon "diet" a gefe kamar shaida. Ban taɓa zama na ce yau zan rama abin da na rage ba. A hankali abin yake shigowa, lomar nan da ba ka yi niyya ba, yankan kek ɗin da da za ka ce a'a, ragowar da da za ka bari a faranti. Kalori 140 da na tsira da su a gwangwani ba su da yawan da nake zato. Babban cokali ɗaya na man girki yana da wajen 120. Matsakaicin kwanon soyayyen dankali ya haura 300. Wato abin da na ajiye da wahalar haƙura da ɗanɗanon da nake so, cokali biyu na abin maiƙo sun isa su kwashe shi har da riba. Tufka da warwara kawai nake yi, ina kuma mamakin me ya hana wando sakewa.

Akwai wani ɓangaren da ya fi wannan ɓoyuwa. Lemo marar sukari ba ya ƙona kitse, ba ya narkar da tumbi, babu wani sinadari a cikinsa da ke aikin rage nauyi. Ribarsa tana zuwa ne kaɗai daga abin da ya maye gurbinsa. Mai shan mai sukari biyu a rana, idan ya musanya su, ya rage kalori 280 a yini. Kilo ɗaya na kitsen jiki ya kai kimanin kalori 7,700, don haka a takarda zai sauke kilo a wata guda, ko da yake jiki ba ya bin takarda sau da ƙafa, yakan rage abin da yake ƙonawa yayin da nauyi ke sauka. Wanda kuwa da ma ba ya shan lemo sosai, ya ɗauki na "diet" don ya ji an ce na masu rage ƙiba ne, bai rage komai ba. Ni a tsakiya nake. Mai sukarin da nake sha a da ba shi da wani yawa, amma da na koma marar sukari sai na saki jiki, ya zama safe lemo, rana lemo, dare lemo. Abin da ya kora daga rayuwata ruwa ne. Kuma ni ban iya shan lemo haka kawai ba, sai da abin taunawa a hannu. Kowace kwalba da na ƙara ta zo da biskit ɗinta.

Barci ma ya shiga ciki, kuma na daɗe ban haɗa su ba. Cire sukari daga kola ba ya cire kafeyin, sinadarin nan mai hana barci. Wani ma ya fi: gwangwanin Diet Coke mai mililita 355 yana da kimanin miligiram 46, na Coca-Cola na asali kuma 34. Jiki yakan ɗauki wajen awa biyar kafin ya kawar da rabin kafeyin ɗin da aka sha, don haka wanda ka sha da daddare yana nan a jininka lokacin da kake juyi a kan gado. Ƙarancin barci kuwa yana tayar da sinadarin da ke sa jin yunwa, ya kwantar da wanda ke sanar da ƙoshi. Mutum ya tashi a gajiye, kwaɗayin zaƙi da maiƙo ya taso, motsa jikin da ya yi niyya ya zama sai gobe. Sai kuma ya buɗe wani gwangwanin don ya wartsake. Idan za ku sha mai kafeyin, ku sha da rana, ku bar yamma da dare. Wannan gyaran kaɗai ya rage mini ciye-ciyen dare fiye da duk wata dabara da na gwada.

Kuskurena na biyu tsoro ne ya jawo shi. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarar kada a dogara da waɗannan sinadaran zaƙi wajen rage ƙiba. Wata biyu bayan haka, a Yuli, cibiyarta mai binciken ciwon daji ta saka aspartame a rukunin abubuwan da mai yiwuwa suna haddasa cutar. Kanun labarin kawai na karanta, hankalina ya tashi, na watsar da lemon na koma ruwan 'ya'yan itace na kwali, ina ganin na koma abin lafiya. An yi gudun gara an faɗa wa zago. Ruwan lemon zaƙi ko na tuffa, ko da ba a ƙara masa komai ba, sukarinsa ya yi kusa da na kola, kuma hukumar nan dai ta lissafa shi cikin sukarin da ta ce a rage. Ɗan itacen da ka ci da ɓargonsa da zarensa daban yake da wanda aka matse aka tace. A wannan zangon na fi ƙara nauyi, ina kuma alfahari da cewa na daina shan "sinadari".

Da na koma na karanta abin da aka faɗa a zahiri, sai na ga bai kai yadda na ɗauka ba. Rukunin da aka sa aspartame na abubuwan da hujjar da ke kansu ba ta da ƙarfi ne, kuma rukunin yana magana a kan ƙarfin hujja, bai auna girman haɗari ba. A rana guda da wannan sanarwa, kwamitin ƙwararru mai kula da abubuwan da ake ƙarawa a abinci ya bar iyakar da ya daɗe da sawa yadda take: miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum a yini. Mai kilo 70 sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 kowace rana kafin ya ƙetare ta. Ita kuma shawarar Mayu, hukumar da kanta ta kira ta mai sharaɗi. Gajerun gwaje-gwaje sun nuna ɗan raguwar nauyi, amma binciken da ya bi mutane shekaru ya ga masu yawan shan waɗannan abubuwa sun fi kamuwa da ciwon suga da ciwon zuciya. Inda gizo ke saƙar shi ne, su wa ke zaɓar lemo marar sukari tun farko? Galibi waɗanda ƙiba ta riga ta kama, ko likita ya riga ya gargaɗa. Ni kaina da an saka ni a irin wannan bincike, da an rubuta: yana shan "diet", yana da tumbi. Alhali tumbin ya riga lemon zuwa.

Wannan bai wanke lemon tas ba. A 2022 masu bincike a cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun gwada mutum 120, suka ga sinadaran zaƙi na saccharin da sucralose sun sauya ƙwayoyin halittar hanji da yadda jiki ke sarrafa sukari a wasu daga cikinsu, cikin mako biyu kacal. A ɗaya gefen kuma, wani gwaji na 2014 a Amurka da mutum 303 ya nuna masu shan marar sukari sun fi masu shan ruwa zalla sauke nauyi cikin mako 12. Sai dai ƙungiyar masu sana'ar lemo ce ta biya kuɗin binciken, kuma ni duk inda mai kaya ya ɗauki nauyin gwada kayansa, ina karantawa da ido biyu. Ra'ayina bayan duk wannan: ga wanda ya kamu da mai sukari ya kasa bari, marar sukari ya fi masa nesa ba kusa ba. Ga wanda zai iya shan ruwa ya gamsu, ruwa ya fi, ba shi da abin tambaya a kansa.

Haƙora ne suka fara kai ƙarata tun kafin sikeli. Ruwan sanyi ya taɓa su sai zugi. Na yi zaton tunda babu sukari babu matsala, ashe asid ɗin da ke ba lemo ɗan tsaminsa yana nan daram. Farin ɓawon haƙori yana fara zaizayewa idan ma'aunin tsami ya sauka ƙasa da 5.5 (iya saukar lambar, iya ƙarfin tsamin), kola marar sukari kuwa tana wajen 3. Mafi muni shi ne irin shan da nake yi, kurɓi-kurɓi tun safe har yamma, haƙori ba ya samun sararin da yawu zai gyara shi. Ku sha tare da abinci a zama ɗaya, ku kurkure baki da ruwa, kuma kada ku goge haƙora nan take, ku bari a yi kamar rabin awa, domin ɓawon yana da laushi a lokacin.

Mai ciwon suga, shawarar Mayu ba ta shafe shi ba, hukumar ta cire shi a fili. Amma ya sani idan sugansa ya faɗi, jiki ya fara rawa da gumi, marar sukari ba zai ɗaga shi ba, mai sukarin ake nema a wannan lokacin. Masu cutar gado da ake kira fenilketonuriya kuma ba sa shan aspartame sam, gargaɗinsu ne ake bugawa a jikin gwangwani.

Abin da ya fara motsa sikelina a ƙarshe ba shi da armashin ba da labari. Na ɗauki ɗan littafi ina rubuta duk abin da ya shiga bakina, har wanda na ɗauka a tsaye ina wucewa. A nan na ga inda kalorin suke, kuma kusan babu ko ɗaya a abin sha. Na ajiye ruwa kusa da hannu, lemon ya koma na lokaci-lokaci, kuma ranar da zan sha shi ina zuba abincina kafin in buɗe kwalbar, don kada ta sa baki a girman farantin. Na kuma koyi juya kwalba in duba baya. Ana rubuta yawan sukari a kowace mililita 100: kola ta asali tana da giram 10.6, ruwan 'ya'yan itace yakan kama 8 zuwa 11, kuma a dokar Tarayyar Turai sai abin sha bai wuce rabin giram ba ake yarda a kira shi marar sukari. Kwalin da aka rubuta wa cewa ba a ƙara masa sukari ba yana iya ɗauke da giram 10 nasa na asali, sai ka ninka da girman kwalin ka ga abin da za ka sha.