Puukko ta uku: wannan karon ba ta tsage ba

'Yan'uwa abokan koyo, barkanmu da aiki. Mako shida rabona da in ba ku labari, ba don na ajiye masaba ba, kunya ce kawai. Wuƙata ta biyu ta tsage ranar da na tsoma ta a ruwa da zafinta, sai na ji ƙas kamar an karya kara. Dattijon da nake zama a maƙerarsa ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Yaro, ai mai na ce maka."

Ga waɗanda suka shigo kwanan nan, puukko wuƙar mutanen Finland ce ta shiga daji, da ita suke feƙe itace, su gyara kifi, su fere ƙirare na hura wuta. Kalmar puu ma a harshensu itace take nufi. Tsawon ruwanta, wato ƙarfen, kan yi kusan faɗin tafin hannu, tawa santimita 10, bayanta a miƙe, kaifi gefe ɗaya, kuma babu abin da ke tare yatsa tsakanin ƙota da ruwa.

Ta ukun daga tsohon magagari na ƙera ta. Na zuga gawayin ƙirya har ƙarfen ya daina kama maganaɗisu, wato wajen digiri 770, na ƙara masa ɗan zafi, sannan na tsoma shi tsaye cikin man gyaɗa mai ɗumi. Shiru. Daga nan na gasa shi sau biyu a digiri 200, awa ɗaiɗai, har ya ɗauki launin busasshiyar ciyawa. In kun tsallake gashin nan, wuƙar za ta yi tauri amma ta zama kamar tangaran.

Inda na sha wuya shi ne kaifin. Wuƙaƙen da muka saba da su suna da ɗan siririn baki na biyu a can ƙarshe. Puukko gangare ɗaya ne mai faɗi a kowane gefe, yana saukowa sumul har baki, duka biyun su haɗu a kusurwa mai wajen digiri 20. Amfaninsa, in za ka wasa ta sai ka kwantar da gangaren gaba ɗaya a kan dutse, shi da kansa zai nuna maka kwanarsa. Daɗin faɗi ke nan. Hannuna kuwa rawa yake, kowane ja sai in ɗan ɗaga bayan, kafin in ankara gangaren ya yi tumbi. Tana aske gashin hannu, amma da na ɗora ta a kan reshen darbejiya sai ta riƙa zamewa maimakon ta ci. Abin da ya fisshe ni baƙar maka ce, irin alƙalamin tawadar nan. Na shafe gangaren da ita, na ja sau biyar, na duba: tsakiya ya goge, sama da baki suna nan baƙi ƙirin. Yamma uku na yi ina ja ina dubawa kafin tawadar ta fara gogewa tare. Yanzu feƙen yana fitowa a nannaɗe, siriri, bai katsewa.

Burina dai puukko irin Tommi ta yankin Kainuu na Finland, wadda kaurinta ke tsakiyar ruwa, ya ragu ta sama da ta ƙasa. Kalle Keränen ne ya kafa salonta a ƙarni na 19, bayan ya koyi sarrafa ƙarfe a masana'antar Fiskars wurin wani Baturen Ingila, Thomas Woodward, daga sunansa ta samo nata. Gangare biyu ya wahalar da ni haka, ina ga huɗu.

Ƙota kuma, su itacen birch suke amfani da shi, ko ɓawonsa a yanka falle-falle a jera a matse, kamar yadda aka san wuƙaƙen garin Kauhava, inda kamfanin Iisakki Järvenpää yake tun 1879. Mu ba mu da shi, sai na sa maɗobiya. Ta yi kyau, amma ta fi ruwan nauyi, wuƙar na rinjaya baya. Na bar mata ciki a tsakiya don ta cika hannu, tunda ba matari. Ku ja ta zuwa gefe, kada ku soka. Babban yatsana shaida ne.

Saura kube, wanda suke kira tuppi. Ana fara sassaƙa gidan itace da ruwan zai kwanta a ciki, a jiƙa fata a naɗe, a ɗinke ta baya, ta haɗiye fiye da rabin ƙotar, in ta bushe ta riƙe gam ba tare da maɓalli ba. Na kai wa wani baduku zanen, ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Malam, to ta ina za ka zaro ta?" Na sayi kirgi a wurinsa, zan gwada da kaina ranar Asabar. Wanda ya taɓa ɗinkin jiƙaƙƙiyar fata a cikinku, don Allah ya faɗa mini nawa zan bari na motsewa.